Inda Na Binne Mabiyiyar Isiya

Masu binciken nan sun shigo mana damina biyu bayan an buɗe masallatai daga kullen korona, kafin canjin kuɗin da ya sa magidanta suka riƙa wuni a bakin banki. Shekarar ce katangar gidana ta gabas ta faɗi ta fasa mini randa biyu. Aikin idona kuwa sai da shekara ta zagayo aka yi shi, ku riƙe wannan, don a nan abin ya lalace.

Ku 'yan matan da Dakta Halima ta ɗauka bana, masu shiga gidaje da waya a hannu, na ji ɗayarku tana cewa wai aikin ba wuya: a yi sallama, a tambayi wa ya haifi wa, a danna, a fito. Na dai ce a zo a rubuta muku wannan daga bakina. Sunayen mutanen gidajen duk na musanya su, kada wata ta je tana leƙen zauren mutane.

Ni Mairo ungozoma ce, kuma a wajen Gwaggo Tabawa na koya, yayar babana, a Ƙofar Durbi. Shekara bakwai ina bin ta ban yanke cibiya ko ɗaya ba. Aikina ɗaukar ƙwarya. A cikin ƙwaryar akwai reza sabuwa a takardarta, da zare, da tsumma wankakke, da tsingaro biyu, ɗaya na gashin cibiya ɗaya na rufi, sai 'yar dagi ta haƙa rami. Kowa yana zaton reza ce babban kayan aikinmu. Dagin ne. In mace ta sauka lafiya, an wanke jinjiri, sai ungozoma ta ɗauki mabiyiya, wato uwar tafiyar da take biyo ɗa, ta wanke ta tas, ta naɗe a tsumma, ta kori kowa daga bayan ɗaki. Rami kamu ɗaya, a kife tsingaro a kai, a mayar da ƙasa, a daddaɓe, a yayyafa ruwa, a share har wurin ya saje da ko'ina. Ko mai jegon ba a nuna mata, ana gudun mugun hannu. Duk cikin birnin nan akwai ramukana, wasu an yi musu siminti, wasu an ɗora musu bene, kuma in kuka rufe mini ido kuka kai ni, zan taka muku kowanne.

In mun fito daga gidan haihuwa Gwaggo ba ta barina in huta. Muna tafe cikin lungu za ta ce, "Mai jegon nan, wa ya haife ta?"

In ce, "Hajiyar da ke dama kunu."

Sai ranƙwashi. "Ke dai kanki kamar na tunkiya. Wannan riƙonta ta yi. Uwarta ita ce wadda ta zauna can bakin murhu ta juya mana baya, ko barka ba ta amsa ba."

Da ranƙwashi na koyi cewa igiya uku ce take ɗaure mutum a gidajenmu: ta haihuwa, ta riƙo, da ta nono. Mace za ta dafa kan yaro ta ce ɗana ne, alhali ɗan ƙanenta ne da aka ba ta bayan yaye. Wanda kuma ta haifa na fari, ko sunansa ba za ta kama ba, in kika matsa ta ce miki ɗan wance ne. Ba ƙarya suke yi ba, kunya ce da zumunci. Sai doka ɗaya da Gwaggo ta sa na maimaita har ranar da ta miƙa mini rezar: abin da gida ya rufe, ungozoma ba ta buɗewa, ko ga miji, ko ga alƙali, sai mai abin ta buɗe da bakinta.

Yaran da kuke zuwa nema, na karɓi haihuwar irinsu da yawa, kuma ranar haihuwa ba a gane komai. Suna kuka, suna kama nono, cibiya tana faɗuwa a kan lokaci. Sai an shekara biyu ko uku uwa ta fara lura: a kira shi bai waiwayo ba, ya wuni yana jera murafun kwalba, a tada injin niƙa ya toshe kunne yana ihu. Wasu kuma maza ne masu doguwar fuska da faffaɗan kunne, masu kawar da ido, koyo yana yi musu nauyi. Mutane su ce ɗan ruwa ne, ko an musanya shi a zanen goyo. Ni na yanke cibiyarsu, na ga jinin, irin na kowa ne.

Wani hantsi na je wankan jinjiri a wani gida a Gobarau. Na surka ruwa na ɗauko yaro, sai na ji daga cikin ɗakin da aka rufe an ce, "Mairo, ruwan nan ya yi zafi, ƙara na sanyi." Muryar tsohuwar gidan ce, har da 'yar sheƙar da take yi a ƙarshen magana, kuma shekara biyu ke nan da muka yi mata sutura. Matan gidan ko ɗaga kai ba su yi ba. Na ajiye jinjirin na tura ƙofar. Jikarta ce, yarinya 'yar shekara bakwai da ba ta taɓa ce wa uwarta Inna ba, tana zaune bayan ƙyaure tana murza bakin zanenta. Maganar da kakar ta faɗa mini a wankan wani jinjirin can baya ita ta ajiye, ta ji ƙarar ruwa ta fito da ita yadda take. Na taɓa ruwan da gwiwar hannu. Ya yi zafin kuwa. Na ƙara na sanyi.

Dakta Halima 'yar garin nan ce. Ta yi shekaru tana rubuta takardu zuwa ga wasu masu ba da tallafin bincike a ƙasar waje kafin su ba ta na shekara uku. Da kashi ɗaya na kuɗin ta kama gida haya kusa da Ƙofar Kaura, ta sa malamai mata biyu su riƙa koyar da irin yaran nan a ɗaki guda, ta shimfiɗa tabarmi, ta manna hotuna a bango. A ɗakin nan na ga yaron da bai taɓa neman ruwa ba sai da kuka ya je ya taɓa hoton moɗa. Na ga wanda ya koyi zagayawa bayan gida shi kaɗai yana da shekara tara, uwarsa ta yi guɗa. Ɗaya kashin na binciken ne: a zana dangi a takarda, a goga auduga a cikin kumatu, a sa a 'yar kwalba, a aika a duba abin da ake gado. Masu kuɗin sun ce in binciken ya tsaya, ɗakin ma ya tsaya.

To a yawun nan ta maƙale. Wa zai ba baƙo yawun ɗansa a kwalba? Sai ga ta a zaurena da la'asar, ta durƙusa har ƙasa, muka gaisa, ta tambayi gida da jikoki da ƙafata.

"Inna, an ce duk birni babu ƙofar da take rufe miki."

"Ba a yi miki ƙarya ba. Mi kike so?"

Ta yi bayani. Na ce, "Yau yawu, gobe ki ce gashi da farce?"

Ta yi dariya. "Inna, yawun kaɗai."

Na ce ta kai ni in ga ɗakin tukuna. Na gani, na yarda.

Duk gidan da muka shiga ni nake fara buɗe baki a goga mini audugar a gaban kowa. Yawuna ya shiga kwalba ya fi a ƙirga, Dakta ta ce zubar da shi take yi, na ce asararta ce. Sannan ba na taɓa cewa wa ya haifi wane. Nakan zauna a ci goro, a yi hirar wanka, sai in ce, "Wai wannan, wa ya sha kununsa?" Kunun kanwa na mai jego nake nufi. Macen da ba za ta iya cewa ita ta haifi ɗanta na fari ba, za ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni na sha." Shi ke nan, ba a kunyata kowa ba. Dakta na gefe tana zane da fensir: mace zagaye, namiji mai kusurwa huɗu, mai lalurar a cike shi da baƙi. Ban yi boko ba, amma wannan takardar rana ɗaya na iya karanta ta, don abin da ke kaina ne aka sauke a ƙasa.

Sai aka yi mini aikin yanar ido, likita ya ce wata uku ba rana ba hayaƙi. 'Yan matan da suka riga ku suka ce a bar Inna ta huta, sun ga yadda ake yi. Gida biyar suke yi a wuni, inda nake yin ɗaya. Duk wadda ta ce ɗana ne, sai su ja layi daga ita zuwa shi.

Sakamako ya dawo ana saura wata biyu Babbar Sallah. A gida bakwai yawu ya ƙaryata takarda. Masu kuɗin suka aiko cewa ko dai an cuɗanya kwalabe, ko an zauna a ofis an ƙirƙiri mutane. Suka dakatar da tallafin, suka ba Dakta wa'adi ta kawo hujja ko su janye, wa'adin kuma ya faɗa daidai da Sallah. Aka sa wa ɗakin kwaɗo. Yaran ba su san dakatarwa ba. Kullum da safe sai ka ga uku ko huɗu, iyaye sun kasa hana su, sun zo sun tsaya a ƙofar, kowa a wurin da ya saba ajiye takalminsa, ba mai magana.

Dakta ta zo ta baje takardun a tabarmata, idona ɗaya yana bayan baƙin gilashi. Babu suna a jikinsu sai lamba, ta ce dokar aikinsu ke nan. Ba na bukatar suna, gida siffa gare shi. Na duba na farko na ce wannan riƙo ne, uwarsa tana Ƙofar Durbi tana sayar da daddawa, je ki tambaye su wa ya sha kunu. Haka na biyu, haka na uku, har shida, ban tashi daga inda nake ba. Duk riƙo ne na fili, da aka koma ma dariya suka yi, waɗanda suka haifa suka ba da yawu. Na bakwai kuwa ya fi kowanne faɗi, kuma a kansa binciken ya fi dogara. Da na gan shi sai na ce idona ya gaji.

"Inna, kin gane shi."

"Na ce idona ya gaji."

Ta nuna wani baƙi mai kusurwa huɗu da bakin fensir. "Abin da ke jikin wannan bawan Allah ta wajen uwa kaɗai yake zuwa, kuma wadda aka rubuta uwarsa ba ta ɗauke da shi. Ga shi iri ɗaya ne da na yaran nan biyu na can ɗaya gefen, waɗanda takarda ta ce surukuta kawai ta haɗa su da shi. In ban warware wannan ba, shidan ba za su cece mu ba. Ni kuma ba ni da ikon in ce wa mace ba ke kika haifi ɗanki ba."

Na ce, "Ni ma haka."

Ga abin da na sani ban faɗa mata ba. Isiya ne, mutum ɗan shekara arba'in da ɗoriya, ba ya magana sai wani amo da yake yi a maƙogwaro kamar na zuma a cikin tulu. Yana zaune a Ƙofar Durbi wajen Hajiya Ladi, sa'ata ce, kuma duk gari ɗan Ladi ake ce masa. Amma Asabe ce ta haife shi, matar ƙanen Ladi, haihuwar fari, a gidan iyayenta a Gobarau, ni na karɓe shi. Kwana arba'in suka yi a gidan, aka gama wanka suka koma gidan miji. Da aka yaye shi aka ba Ladi, lokacin tana aure a ƙauye. Bai cika huɗu ba uban ya rasu, kuma ya bayyana yaron ba zai yi magana ba. Uwar Asabe ta ce a rufe, don Asabe za ta sake aure, ga ƙannenta mata a gida. Aka ce ɗan Asabe ya rasu a ƙauye, har aka yi zaman gaisuwa. Bayan shekaru Ladi ta dawo birni da shi a hannu ta ce ita ta haife shi. Asabe ta yi wani auren ta haifi Zulai, kuma 'ya'yan Zulai ne yaran nan biyu, Bashir da Nura, masu tsayuwa a ƙofar ɗakin da aka kulle.

Gidan Gobarau ya daɗe da zama kango, magada sun kasa raba shi. Amma kullum da hantsi, tun yana saurayi, Isiya zai fito daga Ƙofar Durbi shi kaɗai, ya ratsa lunguna ya shiga kangon, ya tsaya a wuri ɗaya har inuwa ta janye daga ƙafarsa, ya koma gida. Yara suna cewa aljanu yake kai wa gaisuwa. Ladi ta yi faɗa, ta yi kulle, ta gaji ta bari. Ni sau ɗaya na bi shi, na ga inda yake sa ƙafa, ban sake bi ba. A kan ramina yake tsayawa. Ba kusa da shi ba, a kansa.

Na fara da Ladi. Na same ta tana tsince masa wake daga cikin shinkafa, don ba ya cin su a haɗe.

"Mairo mai ido ɗaya, yau kuma yawun wa kika zo kwasa?"

"Na tsofaffin da haƙori ya ƙare musu, ya fi sauƙin samu."

Muka yi dariya. Da na ce akwai gida ɗaya da takarda ta ƙi daidaita, kuma saboda shi ɗakin yara yake kulle, sai ta ajiye kwanon.

"Ni na haife shi. Kin ji ko? A ƙauye, a ɗakin kara, ba ki wurin."

"Ban ce ina wurin ba."

"To tashi ki tahi tun muna shiri."

Asabe kuwa ta saurare ni har na gama tana ninke kayan jikokinta, don tun da aka rufe ɗakin Zulai ta kawo mata su, Nura ya koma buga kansa da bango. Ta ce, "Inna, wanda kike nufi ai ya rasu tun yana ƙarami. Ke ma kin zo gaisuwa."

Gaisuwar kuwa na je. Na ce, "Ba abin da zan faɗa ma kowa. Gobe da hantsi dai ki raka ni Gobarau, idona bai gama warkewa ba, ina tsoron kwata."

Ta raka ni. Shekara ashirin rabonta da gidan. Zauren ya rufta, tumfafiya ta fito a tsakar gida ta fi mutum tsawo. Titi yana nan kusa da babura da masu talla, amma da muka shiga sai ƙarar ta yanke kamar an toshe mana kunne, ko ƙadangare ba ya motsi. Muka tsaya a gindin abin da ya rage na katanga. Mun ji amonsa kafin mu gan shi.

Ya shigo ya wuce mu kamar itatuwa. Filin a buɗe yake, da ya so da ya miƙe kai tsaye. Bai miƙe ba. Ya bi ta inda soron ciki yake a da, ya karkata hagu inda aka taɓa yin rumbu, ya duƙa daidai inda ƙofar sashen mata take, wadda gajeriya ce kowa sai ya sunkuya. Babu ƙofa, babu bango, shekaru ke nan da ruwa ya cinye su. Ya zagaya bayan inda ɗakin jegon yake ya tsaya, ya haɗa ƙafafunsa, yana ɗan rangaji gaba da baya.

Asabe ta riƙe mini hannu har sai da na ji farcenta. "Inna. Nan kika sa ta?"

"Ba a tambayar ungozoma wannan."

"Wa ya nuna mashi?"

"Ni dai ban nuna ma kowa ba, har ke."

Ta tsaya tana kallon bayansa, furfura ta fara fito masa a ƙeya. Can ta ce, "Kwana arba'in fa kaɗai ya yi a gidan nan." Muka tsaya har inuwa ta janye, ya juya, ya sake duƙawa a ƙofar da babu, ya fita. A bakin titi ta ce, "Kai ni wajen Yaya Ladi."

Ban shiga ɗakin da su ba, na zauna a tsakar gida, amma muryar Ladi ba ta bukatar a shiga. "Shekara arba'in! Ni na wanke kashinsa, ni ake kira in ya faɗi a hanya. Yau takarda za ta ce ba nawa ba ne?" Muryar Asabe ban ji ta ba sai sau ɗaya, da ta ce, "Yaya, Nura jini yake fitarwa a goshi." Can sai Ladi ta leƙo ta ce, "Ke mai ido ɗaya, aika a kira likitar taku."

Dakta ta zo da akwatin sanyinta da takardar. Ta rasa ta inda za ta fara, sai ta dube ni. Na gyara zama na yi tambayar yadda ake yin ta. "Wai wannan na ɗakin Hajiya Ladi, wa ya sha kununsa?"

Asabe ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ni na sha."

Ba ta kama sunansa ba, ranar ko bayanta. Ta buɗe baki aka goga audugar. Dakta ta ja sabon layi daga zagayen Asabe zuwa Isiya, ta juya fensir za ta goge na Ladi.

Ladi ta ce, "Kul! Mi za ki yi?"

"Hajiya, ba cire ki zan yi ba. A aikinmu layin riƙo ɗigo-ɗigo ake yinsa."

"Ɗigo-ɗigo? Ni ɗigo-ɗigo na riƙe shi? Ba ni abin nan."

Ta karɓi fensirin, ita da ba ta taɓa riƙe shi ba, ta bi layinta ta maimaita, ta maimaita, har takardar ta kusa hujewa. Dakta ta ce haka za ta aika da ita, ta rubuta bayani a gefe.

Yawun Asabe ya yi daidai da na Isiya da na Zulai da na yaran. Dakta ta aika ana saura kwana kaɗan wa'adi ya cika. Muka yi Sallah ɗakin yana kulle, sannan amsa ta zo sun saki tallafin, har suka ce a rubuta musu yadda ake tambayar kunun nan. Ranar da aka cire kwaɗon yaran suka shiga kowa ya nufi tabarmarsa kamar jiya suka tashi. Dakta ta zaunar da Zulai da mijinta ta faɗa musu sunan abin da yadda ake gadonsa, mijin ya daina kai yaran ana yi musu hayaƙi. Gida biyu a Gobarau sun daina kirana, wai Mairo ta buɗe baki. Ban buɗe ba. Tambaya na yi, mai abin ta amsa.

Da Asabe ta yarda na ba Dakta labarin kangon. Ta ce irinsu Isiya in suka saba da hanya ba sa canza ta, watakila da ya fara zuwa bangayen suna tsaye. Na ce na yarda da wannan, to ramin fa? Ta ce wannan ba ya cikin abin da aka ba ta kuɗi ta bincika.

Don haka in kun shiga gida ku bar wayar nan a jaka tukuna. Gida ɗaya a wuni ya isa. In aka ce muku yaro ya rasu, ku rubuta ya rasu, ku yi ta'aziyya, ku zo ku faɗa mini.

Mutanen wancan lokaci, Gwaggo Tabawa da uwar Asabe sun daɗe a ƙasa. Asabe ta rasu daminar da ta wuce, bayan ta ce in na ga labarin zai yi amfani in bayar. Ladi tana nan, ƙafa ta ƙi, bakin dai yana yadda kuka ji shi. Zulai tana nan, Bashir ya iya rubuta sunansa, goshin Nura ya warke. Dakta kun san ta, tana can tana rubuta wasu takardun, don shekara ukun ta kusa cika. Isiya yana nan. Ran da aka kai Asabe bai je kangon ba, kuma bai sake zuwa ba, alhali ba wanda ya faɗa masa. Kwana uku bayan haka na ji amon nan a zaurena. Gidana yana can ƙarshen lungu bayan Ƙofar Kaura, bai taɓa taka shi ba, kuma Ladi ta rantse ba ta kwatanta masa ba. Na sa aka shimfiɗa masa tabarma, bai zauna ba. Mu huɗu ne a ɗakin ranar da ya faɗo duniya: Asabe, da uwarta, da ni, da shi. Saura mu biyu, kuma kullum da hantsi yana zuwa.